Jakadun Amurka a Najeriya tun daga 1960: wa ya fara, kuma wa ya karɓi takardarsa?

Malam_Sabo_Zariya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana tarihin hulɗar ƙasashe da ke cikinmu. Ana rubuta cewa Amurka ta buɗe ofishin jakadancinta a Legas ranar da Najeriya ta sami 'yancin kai, 1 ga Oktoba 1960, kuma Joseph Palmer ne jakadan farko. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, ta yaya ƙasar da aka haifa da tsakar dare za ta wayi gari da jakada? Wa ya amince da zuwansa, alhali har jajibirin ranar harkokin waje suna hannun Ingila? Wa ya miƙa wa takardarsa? Sannan ni a ganina jakadun farkon nan 'yan kallo ne kawai, Ingila ce ke riƙe da wuƙa da nama. Mai ja ya kawo hujja.

Dattijo_Ikko:
Wa alaikumus salam Malam Sabo. Ba sabon ofishi aka gina ba. Amurka tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Legas tun zamanin Turawa, mai kula da biza da kasuwanci da 'yan ƙasarta. Ranar 1 ga Oktoba aka ɗaga darajarsa, allon ƙofa ya canza, ma'aikata su ne dai na jiya. An naɗa Palmer tun 23 ga Satumba, ya riƙe ofishin daga ranar 'yanci, amma bai zama cikakken jakada ba sai 4 ga Oktoba da ya miƙa takardar kama aiki. Kwana ukun nan na tsakani su ne amsar rabin tambayarka.

Hajiya_Turai:
A ƙara da cewa ba Palmer ne ya jagoranci tawagar Amurka a bikin ba. Gwamnan jihar New York, Nelson Rockefeller, shi Eisenhower ya turo. Tawagar biki daban, jakada daban. Mutane suna yawan cakuɗa su.

Lauya_Bello:
Bari in jero yadda abin yake tafiya, domin a nan ake samun tangarɗa. Da farko ƙasar da za ta turo jakada tana aika sunansa da tarihin aikinsa a asirce, ta nemi amincewar mai masauki. Masu aikin suna kiran wannan agreman, kalmar Faransanci ce. Mai masauki na iya ƙi, kuma ba dole ya faɗi dalili ba. Sau da yawa ma ba ya cewa a'a, shiru kawai yake yi har a gane. Idan an amince, a tsarin Amurka shugaban ƙasa ya aika sunan majalisar dattawa, kwamitin harkokin waje ya tantance shi, majalisa ta kaɗa ƙuri'a, a rantsar da shi. Da ya sauka, sai ya kai kwafin takardarsa ma'aikatar harkokin waje, a sa masa rana, ya miƙa ta asali ga shugaban ƙasa hannu da hannu, galibi tare da takardar janye wanda ya gada.

Game da ƙasar da ba a haifa ba tukuna, ana gama maganar tun kafin ranar ne. Tun taron London na 1958 aka tsai da 1 ga Oktoba 1960, kuma Abubakar Tafawa Balewa yana Firaminista tun 1957. Ke nan akwai gwamnati mai jiran gado da ake tuntuɓa, ba a duhu aka yi ba.

Malam_Sabo_Zariya:
Na gode Lauya. To Tafawa Balewa ya miƙa wa ke nan?

Lauya_Bello:
A'a, ranka ya daɗe. Jakada wakilin shugaban ƙasa ne zuwa ga shugaban ƙasa, ba zuwa ga shugaban gwamnati ba. Daga 1960 zuwa 1 ga Oktoba 1963 shugabar ƙasar Najeriya a tsarin mulki ita ce Sarauniya Elizabeth, Gwamna-Janar ke wakiltarta a Legas. A farkon Oktoba 1960 kuwa Sir James Robertson ne a kujerar. Azikiwe bai hau ba sai 16 ga Nuwamba. Wato jakadan Amurka na farko a Najeriya mai 'yanci, Bature ne a kujerar karɓar takardarsa.

Malam_Sabo_Zariya:
To ai ka ga maganata ta fito. Har takardar ma hannun Ingila ta bi.

Gidado_Yola:
Sannu a hankali Malam. Wannan al'ada ce ta fada, ba iko ba. Ma'aikatar harkokin waje tana hannun Tafawa Balewa da kansa har 1961 da ya naɗa Jaja Wachuku. Kuma wata uku kacal bayan 'yanci, a Janairu 1961, gwamnatinsa ta kori jakadan Faransa Raymond Offroy saboda gwajin bam ɗin nukiliya da Faransa ta yi a Reggane cikin Sahara, ta ba shi sa'o'i 48, ta hana jiragen Faransa na sama da na ruwa shigowa. A Janairu 1962 aka soke yarjejeniyar tsaro da Ingila. Gwamna-Janar bai hana ko ɗaya ba.

Dattijo_Ikko:
Wani abu da ba a cika lura da shi ba: Palmer bai bi ta majalisar dattawa kafin ya taho ba. A Satumba 1960 majalisa ta tafi hutu saboda zaɓen Kennedy da Nixon, sai aka yi masa naɗin lokacin hutu, wanda tsarin mulkinsu ya yarda da shi na wucin gadi. Bayan majalisa ta dawo a farkon 1961 aka tabbatar da shi. Jakadun da aka tura Afirka a ƙarshen 1960 da dama haka aka yi musu, domin ƙasashe 17 ne suka sami 'yanci a nahiyar cikin shekarar, alhali sashen Afirka a ma'aikatar harkokin wajen Amurka bai wuce shekara biyu da kafuwa ba, a 1958 aka buɗe shi. Ba su da isassun mutane. Palmer na cikin 'yan ƙalilan da suka san nahiyar: ya yi aiki a Nairobi, ya riƙe muƙami a kan harkokin Afirka a Washington, daga Salisbury ta Rodeshiya aka ɗauko shi zuwa Legas.

Issoufou_Maradi:
Gaisuwa daga wannan ɓangaren iyaka. Ƙarancin mutanen da Dattijo ya ambata mu ya fi shafa. Nijar ta sami 'yanci 3 ga Agusta 1960, wata biyu kafin ku, amma ba a ba mu jakada namu na kanmu ba. Mutum ɗaya, R. Borden Reams, aka ɗora wa ƙasashe huɗu: Kodebuwa, Dahomey (Benin ta yau), Haute-Volta (Burkina Faso ta yau) da Nijar, yana zaune a Abijan. Sai a 1961 aka turo Mercer Cook ya zauna a Yamai, baƙar fata ne, malamin Faransanci a jami'ar Howard, ya yi har 1964 sannan aka mai da shi Senegal. Mu kuma da yake jamhuriya muka fara da ita, kai tsaye hannun Diori Hamani takarda ke zuwa, babu wani Gwamna-Janar a tsakani.

Hajiya_Turai:
Wannan kwatancen ya yi amfani Malam Issoufou. Jakada mazauni tun ranar farko alama ce ta matsayin da aka ba ƙasa. Gini ta sami 'yanci 2 ga Oktoba 1958, Amurka ta yi jan ƙafa wajen wata guda kafin ta amince da ita don gudun ɓata wa Faransa rai, jakada kuwa sai 1959. Gana ma Nixon ne ya je biki a Maris 1957, jakada Wilson Flake ya biyo baya bayan 'yan watanni.

Abba_Fagge:
Ni abin da nake so a fayyace, me ya sa na Ingila ba a ce masa jakada? Kullum sai a ce Babban Kwamishina.

Lauya_Bello:
Al'adar ƙasashe renon Ingila ce, Abba. Asalinta, ƙasashen da suke da sarauniya ɗaya ba za ta aika wa kanta jakada ba, sai gwamnati ta aika wa gwamnati wakili, da wasiƙar gabatarwa daga Firaminista zuwa Firaminista. Sunan ya zauna har bayan ƙasashen sun zama jamhuriya. A daraja daidai yake da jakada. Na farko a Legas shi ne Lord Head, tsohon ministan tsaron Ingila. Wannan ma abin lura ne: Ingila ta turo babban ɗan siyasa, Amurka ta turo ma'aikacin ofis.

Nana_Asmau_BUK:
Mu dawo kan da'awar Malam Sabo cewa 'yan kallo ne. A duba abin da ya ratsa ta ofishin Palmer cikin shekara uku da 'yan watanni. Yuli 1961 Tafawa Balewa ya kai ziyara Washington, ya yi jawabi a majalisar dokokinsu. Disamba 1961 gwamnatin Kennedy ta yi alkawarin dala miliyan 225 don shirin raya ƙasa na 1962 zuwa 1968, wanda a lokacin babu ƙasar Afirka baƙar fata da aka yi wa irinsa. Kuɗin nan ta hanyar kwangila da jami'o'insu aka kashe da yawansu: Michigan State a Nsukka, Kansas State a fannin noma da likitancin dabbobi na jami'ar Ahmadu Bello, Pittsburgh a makarantar koyon mulki ta Kongo a Zariya, Ohio a horar da malamai a Kano. Ɗan kallo ba ya sa hannu a irin waɗannan.

Injiniya_Kabiru:
A ƙara da tashar NASA ta Kano. Tana cikin jerin tashoshin da suka bi sawun kumbon Mercury, har da tafiyar ɗan sama jannati John Glenn ta Fabrairu 1962. Sai kuma 23 ga Agusta 1963, Kennedy da Tafawa Balewa suka yi magana ta tauraron ɗan'adam Syncom 2, ta hanyar jirgin ruwan Kingsport da ke tsaye a tashar Legas. Kafa tasha irin ta Kano yana bukatar yarjejeniya a rubuce kan fili, da shigo da na'urori ba haraji, da matsayin ma'aikata baƙi. Aikin ofishin jakadanci ne tsantsa.

Malam_Sabo_Zariya:
Na ji, amma duk wannan taimako ne da kimiyya. Ni siyasa nake nufi. Hafsoshin soja makarantun sojan Ingila na Sandhurst da Mons suke zuwa, manyan ma'aikatan Arewa da yawa Turawan Ingila ne har bayan 'yanci, kasuwa tana hannun UAC da John Holt, bankuna Barclays da Bank of West Africa. Ina Palmer a nan?

Gidado_Yola:
A wannan kam kana da gaskiya, ba mai musu. Amurka da kanta ta ɗauki Najeriya a matsayin gonar Ingila, abin da ya dame ta kawai kada Rasha ta shigo. Ita kuwa gwamnatin Tafawa Balewa ba ta bukaci a matsa mata ba: sai 1961 ta bar Rasha ta buɗe ofishi, kuma ta ƙayyade yawan jami'anta. Dokar jakadanci ta ba mai masauki wannan dama, ya ce ofishinku kada ya wuce mutum kaza.

Dattijo_Ikko:
In siyasa kake nema, Malam Sabo, tsallake Palmer ka je kan na biyu, Elbert Mathews, 1964 zuwa 1969, wanda ya taɓa zama jakada a Laberiya. Bayan juyin mulkin 29 ga Yuli 1966, sojojin Arewa da ke barikin Ikeja da yawansu maganar araba suke yi, har an fara kwashe iyalai zuwa gida. Cikin waɗanda suka yi ta kai-komo don a fasa akwai manyan sakatarorin gwamnatin tarayya, da Babban Kwamishinan Ingila Sir Francis Cumming-Bruce, da Mathews. Saƙonsu ga Gowon a fili yake: in Arewa ta ɓalle kada ta sa ran tallafi, ga shi ba ta da teku. Ranar 1 ga Agusta Gowon ya yi jawabi bai ayyana rabuwa ba. Ko rabon jakadun a wannan kashi nawa ne, ana iya gardama, amma ba a ce musu 'yan kallo ba.

Hajiya_Turai:
Ana yawan zuzuta rawar jakadun nan biyu, musamman a rubuce-rubucen su kansu Turawan. Sakatarorin gwamnati da alƙalai 'yan ƙasa su suka zauna da sojojin kwana da kwanaki. Kuma hafsoshin da suka fito daga ƙananan ƙabilun Arewa suna da nasu lissafin, ba lallai araba ta yi musu daɗi ba. Jakada ya ƙara nauyi ne a sikelin da ya riga ya fara rinjaya.

Nana_Asmau_BUK:
Na yarda da Hajiya. Abin da ya fi nuna iyakar ikon jakada ma shi ne yaƙin basasa, Yuli 1967 zuwa Janairu 1970. Mathews yana goyon bayan Najeriya ɗaya, Palmer kuma a lokacin shi ne mataimakin sakataren harkokin waje mai kula da Afirka, tun 1966, ra'ayinsu ɗaya. Duk da haka Washington ta ƙi sayar wa gwamnatin tarayya makamai, ta ce ba ta ba kowane ɓangare. Gowon ya juya wajen Rasha ya samo jiragen MiG. Can gida kuma majalisa da coci-coci da jaridu suna zargin ofishin Legas da rufe ido kan yunwar Biyafara. Da Nixon ya hau, a Fabrairu 1969 ya naɗa Clyde Ferguson jami'i na musamman kan agaji, wato an buɗe wata hanya da ba ta bi ta hannun jakada ba. Amurka dai ba ta amince da Biyafara ba. Ƙasashe biyar ne suka yi: Tanzaniya, Gabon, Kodebuwa, Zambiya da Haiti.

Abba_Fagge:
Wani ya taimaka da jerin sunayen gaba ɗaya mana, mun tsaya a na biyu.

Dattijo_Ikko:
Palmer 1960 zuwa 1964, Mathews zuwa 1969, William Trueheart zuwa 1971, John Reinhardt zuwa 1975, Donald Easum zuwa 1979, Stephen Low zuwa 1981, Thomas Pickering zuwa 1983, Thomas Smith 1984 zuwa 1986, Princeton Lyman zuwa 1989, Lannon Walker zuwa 1992, William Swing zuwa 1993, Walter Carrington zuwa 1997, William Twaddell zuwa 2000, Howard Jeter 2001 zuwa 2003, John Campbell 2004 zuwa 2007, Robin Sanders zuwa 2010, Terence McCulley zuwa 2013, James Entwistle zuwa 2016, Stuart Symington zuwa 2019, Mary Beth Leonard zuwa 2023, sai Richard Mills da ya miƙa takardarsa a Yuli 2024. Tsaka-tsakin zama shekara uku ne.

Sani_Sabongari:
Carrington ne baƙar fata na farko a cikinsu ko?

Dattijo_Ikko:
A'a, Reinhardt ne, tun 1971, daga hukumar watsa labaransu ta USIA ya fito. Abin da ya bambanta Carrington shi ne naɗin siyasa ne, Clinton ya ɗauko shi daga wajen ma'aikata. A duniya an saba kusan kashi 30 cikin 100 na jakadun Amurka naɗin siyasa ne, amma Legas da Abuja kusan kullum ma'aikacin da ya taso a cikin aikin ake turowa. Mace ta farko kuma Robin Sanders.

Gidado_Yola:
A wurina wanda ya fi shan wuya a jerin nan Easum ne. Sakataren harkokin wajensu Kissinger ya cire shi daga kujerar mataimakin sakatare mai kula da Afirka saboda saɓani kan kudancin Afirka, aka turo shi Legas a 1975 zamanin Gowon. Wata biyu da 'yan kai aka yi juyin mulki, Murtala ya hau. Nuwamba 1975 Najeriya ta amince da gwamnatin ƙungiyar MPLA mai samun goyon bayan Rasha a Angola bayan sojojin Afirka ta Kudu sun kutsa. Sai Shugaba Ford ya aiko wa shugabannin Afirka wasiƙa yana nuna musu matsayin da ya kamata su ɗauka kan Angola a taron ƙungiyar haɗin kan Afirka, OAU. Gwamnatin Murtala ta saki wasiƙar ga jaridu tare da martani mai zafi, sannan ya yi jawabinsa na Addis Ababa ranar 11 ga Janairu 1976. Taron ya tashi kunnen doki, 22 da 22. Da aka kashe Murtala 13 ga Fabrairu, masu zanga-zanga suka nufi ofishin Amurka da na Ingila a Legas. A shekarar kuma Najeriya ta ƙi karɓar Kissinger.

Lauya_Bello:
Darasin aiki a wasiƙar Ford: saƙon da aka rubuta iri ɗaya aka raba wa shugabanni da yawa, duk wanda ya ga dama zai iya fallasa shi, kuma jakadan da ya kai shi ke kwana a ciki. Amma a lura, Easum bai tafi ba. Wanda aka nemi a janye shi ne na Ingila, Sir Martin Le Quesne, a Maris 1976, bayan ta bayyana Dimka, jagoran yunƙurin juyin mulkin da aka kashe Murtala, ya shiga ofishinsa a safiyar ranar yana neman a haɗa shi da Gowon da ke karatu a Warwick. Malam Sabo, ga wakilin masu wuƙa da nama an nuna masa hanya, na 'yan kallo ya zauna.

Malam_Sabo_Zariya:
Haha, Lauya ka iya kama mutum da bakinsa. Amma ni shekarun farko na ce, ba 1976 ba.

Nana_Asmau_BUK:
Easum ɗin nan kuma shi ya ga daɗinta. Carter ya hau 1977, Andrew Young ya zama wakilinsu a Majalisar Ɗinkin Duniya, Obasanjo ya je Washington a Oktoba, Carter ya sauka Legas 31 ga Maris 1978. Mutum ɗaya, ofis ɗaya, daga jifa zuwa jan kafet cikin shekara biyu. Abin da ya canza shugaban da ke Fadar White House ne, da kuma mai, domin a lokacin Najeriya ce ta biyu bayan Saudiyya wajen sayar wa Amurka ɗanyen mai.

Injiniya_Kabiru:
Ana cewa Carter ne shugaban Amurka na farko da ya taka Afirka kudu da Sahara. Gyara kaɗan: ziyarar aiki ta ƙasa ta farko ce. Roosevelt ya ya da zango a Gambiya da Laberiya a 1943.

Issoufou_Maradi:
Tunda an taɓo korar jakada, akwai bambanci tsakanin abubuwa uku da 'yan jarida ke haɗawa. Akwai a ce ba a bukatar mutum, ƙasarsa ta janye shi, ofis ya ci gaba a hannun mai riƙon ƙwarya. Akwai ƙasarsa ta kira shi gida don tuntuɓa, alamar fushi ce, yana iya dawowa. Akwai yanke hulɗa ɗungurungum, a rufe ofis a bar wa wata ƙasa kula da muradu. Abin da ya faru a Yamai a 2023 wani salo ne: sojoji suka ce jakadan Faransa Sylvain Itté ya fita, Faransa ta ce ba ta san da gwamnatinsu ba, ya zauna cikin ofis wajen wata guda kafin ya tafi a ƙarshen Satumba. Ita kuma jakadiyar Amurka Kathleen FitzGibbon ta sauka a Agusta, bayan juyin mulkin, aka ce ba za ta miƙa takarda ba tukuna, domin miƙawa tamkar amincewa ce da wanda ya karɓa.

Hajiya_Turai:
Na biyun shi aka yi da Carrington. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba 1995 aka kira shi gida, ya dawo bayan 'yan watanni. Zamansa da gwamnatin Abacha zaman doya da manja ne har ƙarshe. A Satumba 1997 jami'an tsaro suka tarwatsa liyafar ban-kwana da 'yan rajin dimokuraɗiyya suka shirya masa a Surulere. Har sunan titi aka yi faɗa da shi: birnin New York ya sa wa kwanar da ke gaban ofishin Najeriya sunan Kudirat Abiola, gwamnatin Abacha ta mai da Eleke Crescent, inda ofishin Amurka yake, Louis Farrakhan Crescent. Bayan dawowar farar hula gwamnatin Legas ta sa masa Walter Carrington Crescent.

Sani_Sabongari:
Gaskiya a Arewa ba kowa ke kallon Carrington a matsayin gwarzo ba. Da yawa sun ga ya zama ɗan adawa ne da rigar jakada. Shin doka ta yarda da haka?

Lauya_Bello:
Yarjejeniyar Vienna ta 1961, sashe na 41, ta ce jakada ya girmama dokar ƙasa kuma kada ya yi katsalandan a harkokin cikin gida. Sashe na 3 kuma ya ba shi damar sanin halin da ƙasa ke ciki ta halastacciyar hanya, wanda ya haɗa da ganawa da 'yan adawa. Inda ganawa ta ƙare katsalandan ya fara, babu alƙalin da ke yankewa, mai masauki ne ke da maganin a sashe na 9, ya ce ba ya bukatarsa. An yi amfani da irin wannan a Yuni 1993 kan Michael O'Brien, shugaban sashen watsa labarai na ofishin, da ya fitar da sanarwa cewa ɗage zaɓen 12 ga Yuni ba abin karɓa ba ne. Carrington kuwa duk da zafin da aka yi ba a kore shi ba, wa'adinsa ne ya cika.

Abba_Fagge:
Mu abin da ya fi shafar mu a nan, ina ofishinsu na Kaduna ya tafi? Yanzu komai sai Abuja ko Legas.

Dattijo_Ikko:
Tsarin farko ya bi tsarin jihohi uku ne: babban ofis a Legas, ƙananan ofisoshi a Kaduna, Ibadan da Inugu, domin kowane Firimiya gwamnati ne mai ƙarfi, kuma wanda bai san abin da Sardauna ke tunani ba bai san Najeriya ba. Na Inugu yaƙi ya tashe shi. Na Kaduna ya daɗe, sai a shekarun 1990 aka rufe. An mai da babban birni Abuja 12 ga Disamba 1991, amma Amurka ba ta ɗauke ofishin jakadancinta daga Legas ba sai Satumba 2000, makonni bayan ziyarar Clinton. Na Legas ya koma ƙaramin ofis, wato ya koma matsayin da yake kafin 1 ga Oktoba 1960.

Nana_Asmau_BUK:
Rufe na Kaduna kuskure ne a ganina. Lokacin da aka shiga rikicin shari'a a 2000, da ƙin rigakafin shan inna a Kano a 2003, da Boko Haram daga 2009, ba su da mazaunin dindindin a arewacin Abuja. Rahoton da jami'i ya rubuta bayan ziyarar kwana biyu cikin ayarin motoci ba ɗaya yake da na wanda ke zuwa suna da jana'iza a gari ba.

Gidado_Yola:
Pickering ma a tuna da shi, ba don shekara biyunsa zamanin Shagari ba. Shi ne ya dawo a Yuli 1998 yana babban jami'i na uku a ma'aikatarsu, tare da Susan Rice da jakada Twaddell, kuma a gaban tawagarsu Abiola ya kamu da ciwon ajali ranar 7 ga wata. Tsoffin jakadun Legas ba sa ɓacewa: Palmer ya koma ya riƙe Afirka duka, Lyman ya tafi Afirka ta Kudu lokacin miƙa mulki ga Mandela, daga baya ya zama wakilin musamman a rabuwar Sudan a 2011.

Injiniya_Kabiru:
A can Juba ma salon Legas aka maimaita: 9 ga Yuli 2011 ƙaramin ofis ya zama babba, mai riƙo ya zauna, jakadiya Susan Page ta iso daga baya a shekarar.

Malam_Sabo_Zariya:
Na ƙaru ƙwarai, Allah ya saka. Na janye kalmar 'yan kallo a kan Mathews, amma a kan Palmer ina nan a kan bakana: mai raba tallafi ne, ba mai juya siyasa ba. Saura tambaya ɗaya. In takardarsa sunan Sarauniya take ɗauke da shi, me ya faru da ita da aka zama jamhuriya a 1963?

Lauya_Bello:
Sabuwa aka rubuto. Da Azikiwe ya tashi daga Gwamna-Janar ya zama shugaban ƙasa, aka sake gabatar da Palmer, ya miƙa sabuwar takarda kafin ƙarshen 1963, ga shi a Janairu 1964 ya bar ƙasar. Sau biyu ke nan mutum ɗaya ya kama aiki ɗaya. Sake takarda irin wannan ba ya taɓa matsayin jakada a layin girma, sashe na 16 na yarjejeniyar Vienna ya ce ranar kama aikinsa ta farko ake bi, kuma da wannan layin ake sanin wane ne shugaban jakadu a ƙasa.

Hajiya_Turai:
Malam Sabo, raba dala miliyan 225 a ƙasar da jihohi uku ke gasar wa zai sami jami'a, wa zai sami hanya, kana ganin ba siyasa ba ce? A duba inda kwangilolin suka sauka tukuna, Nsukka nawa, Zariya nawa, Ibadan da Ife nawa, sannan a dawo kan Palmer.

Sani_Sabongari:
Kuma ba wanda ya taɓo ɗaya ɓangaren. Julius Udochi ne jakadanmu na farko a Washington, Ado Bayero yana Dakar kafin a kira shi sarautar Kano a 1963, Isa Wali yana Accra. Dattijo, in da hali a buɗe mana wani zaren a kan namu jakadun.